Haƙƙin Ɗan Haya Idan Mai Gida Ya Ƙi Gyara

Ya kai ɗan'uwa, damina ta sauka, rufin ɗakinka yana yoyo, mai gida kuwa kullum gobe, kullum jibi. To, mene ne hukunci?

Ka sani, a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Halilu, ba a tilasta masa gyara. Amma idan ɓarnar mai cutarwa ce, zaɓi yana hannunka: ko ka warware hayar ka tashi, ya mayar maka da kuɗin watannin da suka rage, ko ka zauna, haya cikakkiya tana wuyanka. A nan samari suke kuskure, suna kwana ɗakin mutum alhali sun riƙe masa kuɗi.

In kuwa za ka gyara da kuɗinka, nemi izininsa tukuna gaban shaidu, a rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya.