Motar Ferrari a Fim ɗin Ferris Bueller

Wani mai sauraro daga Damagaram yana tambaya: da gaske ne an ragargaza motar Ferrari a fim ɗin barkwancin 'yan sakandaren Amurka na 1986, Ferris Bueller's Day Off?

To malam, kwantar da hankalinka. Wadda ta fasa gilashin gareji ta afka kwari ta kwaikwayo ce, domin ta ainihin, samfurin 250 GT California, tsadarta ta wuce a yi wasa da ita. Ni abin da ya fi burge ni, Alan Ruck da ya fito a ɗalibi Cameron shekararsa 29 lokacin ɗaukar fim ɗin a Shikago, amma ya zauna daram a matsayin yaro. Darasin tattalin arziki mai sa ɗalibai gyangyaɗi a cikin fim ɗin kuwa, Ben Stein wanda ya fito a malami da ka ya yi shi, ba a rubuta masa ba.