Darasi: Satar Aikin Wani a Karatun Kimiyya, da Yadda Ake Magance Ta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tun da aka buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a shekarar 2010, ƴaƴanmu masu karatun kimiyya sun ƙaru. Darasinmu na yau ya shafi wata cuta da take kama ɗalibai a ko'ina cikin duniya: ɗalibi ya kwashe rubutun wani daga littafi ko intanet, ko ya juya sakamakon gwajin abokinsa, ya sa sunansa a kai.

Hukuncinta

Wannan algus ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin sayarwa, ya taras da jiƙaƙƙe a ƙasa, sai ya nuna cewa mai algus ba ya kan tafarkinsa. In an hana wannan a kan hatsi, ina ga ilimi? Malaman hadisi sun kasance suna jefar da ruwayar wanda aka sani da satar hadisi. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 911 bayan hijira, kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya wallafa littafi guda don rarrabe mawallafi da ɓarawo.

Ɗauko maganar wani ba laifi ba ne, muddin an faɗi mai ita. Laifin shi ne ɓoye shi.

A kimiyya ɓarnar ta fi tsanani. Wanda ya juya lissafin da bai auna ba, gobe shi ne zai auna wa jariri magani, ko ya ce ruwan rijiya ya shawu.

Abin da ya wajaba kan malami

Na farko, ya bayyana wa ɗalibai tun farkon shekara yadda ake jingina magana ga mai ita, da iyakar taimakon juna a aikin gwaji.

Na biyu, kada ya yi hukunci da zato. Ya jera takardun biyu, ya kira ɗalibin a keɓe, ya ce ya bayyana yadda ya kai ga sakamakonsa. Wanda ya yi aikin da hannunsa ba ya kasa bayani.

Na uku, ya bambanta jahilci da ganganci. Mai jahilci a koya masa, ya sake aikin. Mai ganganci a hana shi maki, in ya maimaita a kai shi gaban hukumar jami'a, ba tare da tozartawa ba.

Na huɗu, ɗan attajiri da ɗan talaka hukuncinsu ɗaya.

Nasiha ga iyaye

Kada mu ɗauki rawani mu je roƙon a rufe maganar. Mu tuna yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi ceton Usama ɗan Zaidu game da matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata. Gara yaro ya maimaita shekara da ya ci abinci da takardar ƙarya tsawon rayuwarsa.

Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin.