In abokin karatunka ya miƙo maka rubutun waiwayensa

Ɗalibin NCE in ya shiga shekarar ƙarshe akan tura shi makaranta gwajin koyarwa, wato TP, kuma malamai da dama kan sa shi ya riƙa rubuta waiwaye: me ya faru a darasi, me ya jawo, me zai sauya gobe. Donald Schön na Amurka ya yayata wannan tunani a littafinsa na 1983, sannan a 1988 Graham Gibbs na Ingila ya tsara shi matakai shida, daga bayyana abin da ya auku har zuwa shirin gaba. Rubutun bai cika ba mu wuya ba. Wuyar tana zuwa ne ran da aka ce mu yi musayar littattafai mu duba wa juna.

Yawancinmu ɗayan biyu muke yi. Ko mu rubuta "Masha Allah, ya yi kyau" don kada zumunci ya ɓaci, ko mu zaro jan biro mu bi kurakuran Turanci kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Duka biyun ba su taɓa abin da aka ba ka ka duba ba, wato tunanin mai rubutun.

Wata 'yar ajinmu ta taɓa ba ni nata. Ta rubuta cewa ta koyar da lissafin rabawa a aji huɗu, yara sun fahimta, sai dai na baya suna ta surutu. Tambaya biyu kawai na rubuta a gefe: "Ta ina kika gane sun fahimta?" da "Na bayan suna hango allo kuwa?" Bayan kwana biyu ta dawo tana dariya. Ashe hujjarta ita ce ta ce "Kun gane?" aji ya amsa "Eh, Malama!" da murya ɗaya, amsar da yaranmu ke bayarwa ko da Sinanci aka yi musu darasin. Allon kuma ya koɗe, ita ma tana tsaye a gabansa tana tare rabin misalin. Da na rubuta mata "ba ki iya riƙe aji ba", da gaba za mu yi, allon kuma yana nan yadda yake.

Don haka ka karanta sau biyu, na farko ba biro a hannunka. A na biyun ka nemi inda labari ya tsaya bai kai ga dalili ba, ka ja layi a daidai wurin, ka yi tambaya. In za ka yaba, faɗi jimlar da ta burge ka da abin da ya sa. Gyara ɗaya ko biyu sun isa. Goma sai su sa mutum ya rufe littafin. Kuskuren nahawu a bar shi ƙarshe, shi ma wanda yake ta maimaituwa kaɗai.

Sai batun amana. Wanda ya rubuta cewa gwiwarsa ta yi sanyi da mai duba TP ya shigo aji, sirrinsa ya ba ka. Kada maganar ta kai ɗakin kwana ko zauren WhatsApp na aji. In ka ga ya ambaci sunan yaro ko na malamin ajin, ka ce ya goge kafin ya miƙa wa malami. In da hali, mayar masa da littafin hannu da hannu, ku zauna minti goma, ka bar shi ya fara magana.