Kafin ka sayi waya a Taminus

Mai neman waya a shagunan Taminus da titin Ahmadu Bello a Jos, ya gwada manhajar bankinsa a kanta kafin ya biya kuɗi. Tun 2019, da Amurka ta sanya wa Huawei takunkumi, sabbin wayoyin kamfanin ba su zuwa da Play Store, kuma manhajojin bankuna da yawa sukan ƙi buɗewa a wayar da aka sauya wa tsarin aiki. Wani zai ce ai mai gyara zai sa masa manhajar ta wata hanya. Zai iya, amma wa ya tabbatar ba a cusa mata abin satar lambar sirri ba? Idan manhajar ta ƙi buɗewa, gara a yi amfani da USSD, kamar *737# na GTBank ko *894# na First Bank, a kuma kulle layin da PIN, domin ɓarawon waya layin yake fara nema.