Saƙon Kaka

Kaka ya kira jikarsa ta rubuta wa Kawu saƙo a salula. Kawu yana aiki a Yamai. Magana uku ce cikin saƙon: an gama girbin hatsi, maganin Kaka ya kusa ƙarewa, kuma an sa ranar auren Goggo.

Yarinya ta rubuta su duka a cunkushe, layi bisa layi, babu fili ko kaɗan. Kawu ya karanta da sauri. Ya yi murnar girbi, ya yi murnar aure, amma zancen magani ya ɓace masa a tsakiya. Ran Asabar ya zo gida da turmin atamfa, ba magani.

Ran Litinin yarinya ta ba Malam labari. Malam ya ce: «Ɗiyata, manomi yana zuba irinsa duka cikin rami guda?» Ta ce: «A'a, Malam. Yakan bar tazara tsakanin rami da rami.» Malam ya ce: «To, haka rubutu yake.»

Jimlolin da suke zance guda su ake kira sakin layi. A littafin takarda, akan ɗan tura layin farko ciki, don a san an shiga sabon zance. A gilashin salula ko na kwamfuta kuwa, mai karatu yana tura rubutu sama, ido yakan ɓata inda ya tsaya. Shi ya sa ake barin layi ɗaya babu kome tsakanin sakin layi biyu.

Akwai kuma na'urorin karanta littattafai, kamar Kindle, wadda ta fito a Amurka a 2007. A cikinsu, mai karatu yana iya ƙara girman baƙaƙe. In ya ƙara, layuka su sake jeruwa, yawan shafuka ya ƙaru, amma kowane sakin layi yana nan daban.

Tazara in ta yi yawa, ita ma ɓarna ce: zance yakan tsinke. Layi ɗaya ya isa.

Tambayoyi
1. Magana nawa ce cikin saƙon Kaka?
2. Don me Kawu bai kawo magani ba?
3. Yaya ake nuna sabon sakin layi a littafin takarda?

Aiki
Kowa ya sake rubuta saƙon Kaka cikin sakin layi uku, ya fara da maganar da ta fi gaggawa.