Darasi: Yadda za ka yi amfani da wayarka wajen kula da mai raunin zuciya a gida

Darasin yau na wanda yake da mara lafiya a gida ne, musamman wanda likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni.

Bara aka kwantar da mahaifiyata kwana tara a asibiti, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Da ta ji sauƙi bayan an sallame ta, sai ta ajiye maganin, mu kuma babu wanda ya lura. Wata biyu bai cika ba muka sake komawa. Tun daga lokacin na ɗora wa wayata aikin sa ido, kuma abin da na koya ne zan koya muku.

Menene raunin zuciya?

Zuciya famfo ce. Idan ta raunana ba ta iya tura jini yadda jiki ke buƙata, sai ruwa ya fara taruwa a ƙafafu, ciki da huhu. A ƙasashenmu hawan jinin da aka yi sakaci da shi yana kan gaba wajen jawo shi. Akwai kuma wanda ke kama mata dab da haihuwa ko bayanta, wanda likitoci suka yi nazari a kansa a Zariya tun shekarun 1970, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya daɗe yana bincike a kansa. Ke nan ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne.

Mataki na 1: Ƙararrawar magani

Magungunan da aka fi bayarwa sun haɗa da furosemide mai fitar da ruwa ta fitsari, da lisinopril, bisoprolol ko carvedilol, da spironolactone. Ana shan su kullum, ko da mutum ya ji garau.

Ka buɗe manhajar agogo da ta zo da wayar, ka saita ƙararrawa ga kowane lokacin magani, ka rubuta sunan maganin a jikinta. Da farko na saukar da wata manhajar tunatarwa, amma tsarin adana batir na wayar yana kashe ta a ɓoye, kwana biyu shiru. Ƙararrawar agogon wayar ta fi aminci. Ka ɗauki hoton katin asibiti da kwalayen magani, don ranar da wani likita zai tambaya. Idan azumi ya gabato, a tambayi likita kafin a canza lokutan sha.

Mataki na 2: Awon nauyi kowace safiya

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci. Ruwa yakan fara taruwa kafin ido ya ga kumburi, amma sikeli yana nuna shi. A auna mara lafiya da safe, bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya. Ka rubuta a Google Sheets, ko ka tura wa kanka saƙo a WhatsApp: kwanan wata, nauyi, awon jini, da adadin filo da ya kwana a kai. Idan nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ka kira likita ko ka kai shi asibiti, kada ka jira ranar komawa.

Mataki na 3: Tafiya a ƙasa

Mu a gida mun ɗauka kwanciya ce ta fi dacewa da mai ciwon zuciya. Ashe zaman wuri ɗaya yana ƙara kashe jiki. Wani babban bincike a Amurka mai suna HF-ACTION, wanda aka fitar a 2009 kan mutum 2,331, ya nuna motsa jiki bisa tsari ba shi da haɗari ga masu raunin zuciya da ciwonsu ya lafa, kuma yana kyautata musu rayuwa.

Sai da izinin likita za a fara. A fara da minti 5 zuwa 10, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai kusan minti 30 a yawancin ranakun mako. Mu a Rijiyar Zaki bayan sallar asuba muke fita, kafin rana ta yi zafi. Ka kunna agogon ƙidayar lokaci a wayar, kuma ka riƙa yi masa hira. Idan ya kasa kammala jimla saboda haki, a tsaya a huta. Ranar da kumburi ya ƙaru ko jiki ba daɗi, ba a fita.

Hattara da agogon hannu mai araha

Agogunan zamani masu araha suna iya ƙirga taku, amma awon hawan jininsu ba abin dogaro ba ne. Ka sayi na'urar awo mai ɗaurawa a dantse. Kuma bisoprolol da carvedilol suna rage bugun zuciya, don haka kada ka matsa wa mara lafiya ya kai lambar da agogo ya nuna masa.

Abin da waya ba za ta yi maka ba

Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, kuma dunƙulen magi da kanwa duk suna ɗauke da irin sinadarin da ke cikinsa. Wannan magana ce da za ka yi da mai girki. Kada a saya masa ibuprofen ko diclofenac a kemis don ciwon jiki, suna iya tayar da ciwon. Idan kuma ya kasa numfashi yana zaune, ko ƙirji ya riƙe, ko ya suma, a tafi asibiti nan take.

Yau da daddare ka zauna da mara lafiyarku da kwalayen maganinsa, ka saita ƙararrawar farko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.