AJALI DA SABABI: DARASI KAN HAIHUWA DA MUTUWAR YARA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk mazaunin Soron Ɗinki a cikin birnin Kano ya san safiyar da ake taruwa a zaure ana raba goron suna, ya kuma san yammacin da ake fitowa da ƙaramar gawa daga lungun nan. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe shaida ne cewa wabi ya daɗe yana cin iyaye mata. Ajali na Allah ne, babu shakka. Amma Allah Maɗaukakin Sarki ya rataya al'amura ga sabubba, kuma sanin sababi wajibi ne ga mai hankali.

A binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018, an samu cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba su kai shekara biyar ba, alhali a Kudu maso Yamma 62 ne. A wancan lokaci, macen Arewa maso Yamma takan haifi 'ya'ya kusan 7, ta Kudu maso Yamma kusan 4. Ƙasa ɗaya ce, to, mene ne ya kawo wannan rata?

Na farko talauci. Magidancin da cefanen yini ya gagare shi yakan jinkirta kai yaro asibiti har zazzaɓin cizon sauro ko gudawa su ci ƙarfinsa, ko da yake Asibitin Murtala da na Hasiya Bayero suna kusa. Na biyu jahilcin uwa, domin binciken ya nuna mutuwa ta fi yawa ainun ga 'ya'yan matan da ba su yi makaranta ba. Na uku mazauni: cunkoson gidaje, da kwatar da ta toshe, da kududdufi, da ruwan rijiya kusa da shadda. Na huɗu kwanika, wato ciki a kan goyo, wadda ke raunana uwa da ɗan da aka yaye ba lokaci. Kuma inda mutuwa ta yawaita haihuwa takan ƙaru, gama iyayen da ba su da tabbacin ɗa zai rayu ba su yarda da tazara.

Shari'a ba ta bar ɗaya daga cikin waɗannan ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu, ta ɗora ci da tufar uwa a kan uba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman da ke barin matansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru don karantar da mata. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba, wannan kuwa bai rage masa tawakkali ba.

Kano ma ta ga misali. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi, cutar ta bazu har ƙasashen waje. A 2004 aka ci gaba, sarakuna da malamai suka sa baki, har a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Nijeriya. Da sababi ya canja, sai sakamako ya canja.

Saboda haka wajibi ne miji ya bar matarsa ta je awo, ya tanadi kuɗin haihuwa kafin ya tanadi ragon suna. Mawadata su tuna zakka hakkin maƙwabci matalauci ce, masu unguwa kuma su tsaya kan yashe kwata. 'Ya'ya amana ne, kuma za a tambayi kowane makiyayi game da abin kiwonsa.

Allah ya raya zuriyar Musulmi, ya jiƙan waɗanda suka rigaya. Amin.